Ragon Suna a Gidan Datti

Litinin, 5 ga Satumba, 1955

Na iso Kaduna. Kwana huɗu daga garinmu Tsibiri, kusa da Maraɗi, mota har Kano, sannan jirgin ƙasa. Mishan ta aiko ni ƙasar Ingilishi na wata uku, in taya sayar da littattafan Hausa wajen sojoji da ma'aikatan reluwe. Ɗakin da aka ce za a ba ni ruwan sama ya rushe shi, sai na nemi Datti baduku a Unguwar Kanawa, wanda wani mai fataucin fata a Maraɗi ya ba ni sunansa. Ya shimfiɗa mini tabarma kafin ya tambayi sunana. Na ce Maliki. Ba ƙarya na yi ba, shi babana ya raɗa mini. Amma shekara tara ke nan ana kirana Timotawus, kuma ban faɗa ba.

Alhamis, 8 ga Satumba

Garin nan kowa baƙo ne. Matan Gwari na ɗaukar itace a kafaɗa, akawuna na tsere a kan keke da farin wando, motoci kuma hagu suke bi, sau biyu ana kusan kwashe ni. Matan unguwa na layi a famfo, rabin layin faɗa ne. In na buɗe baki na ce "mi kaka so" sai dariya, wai Bafaranshe.

Kwano ɗaya muke ci da Datti, yana turo mini nama gabana. Yau ya ga Littafi Mai Tsarki nawa naɗe cikin zane, bai san ko wane littafi ne ba. Ya ce, "Haba Malam, ai littafi ba ya zama a tsumma. Kawo in auna, in ɗinka masa gafaka." Na yi sauri na auna da zare na miƙa masa zaren. Ya zaci girmama littafin ne ya sa ban ba shi ya taɓa ba. Tun daga nan duk gidan Malam suke ce mini.

Juma'a, 9 ga Satumba

Lokacin masallaci na ce cikina ke murɗa. Matarsa Bilkisu, da tsohon cikinta, ta aiko mini da jiƙon sabara. Na shanye tas. Ɗacin ya dace da ni.

Lahadi, 11 ga Satumba

Bayan sujada a coci Baturen mishan ya tambayi inda na sauka. Ya ji daɗi, ya ce Ubangiji ya buɗe ƙofa, in yi ta addu'a Datti ya juyo. Ina yi safe da yamma. Ban dai gaya masa yadda na shiga ba. Da rana ina yawon littattafai, Datti na zaton a hanya nake salla. Da magariba in zagaya bayan gida in daɗe. Har yaushe?

Laraba, 14 ga Satumba

Bilkisu ta sauka da hantsi. Namiji. Biyu sun riga shi, ko yaye ba su kai ba. Datti ya zauna a zaure yana ta hamdala, ya kasa zura zare.

Asabar, 17 ga Satumba

Ta faru. Muna cin tuwo ya ce, "Malam, liman zai raɗa suna, amma hannunsa ya tsufa. Kai za ka yanka mana ragon. Ƙafarka ce ta zo mana da yaron nan, ina son albarkar hannunka ta bi shi."

Na ajiye lomar da ke hannuna. Na ce to. To! Ni da bakina.

Na sani sarai. Wanda aka haifa cikin salla ya bari, yankansa mushe ne a wurinsu. Ragon nan Bilkisu ta yi wata shida tana ba shi dusa, ko a layya ba su taɓa shi ba. In na yanka na yi shiru, unguwa guda za ta ci, ran da gaskiya ta fito su ce na ciyar da su mushe a sunan ɗan da suka daɗe suna roƙo. In kuwa yaron ya bi 'yan uwansa, hannuna za su tuna. In na faɗa, na rasa ɗakin, na rasa Datti. Na biyun ya fi yi mini ciwo, ban zata ba.

Litinin, 19 ga Satumba

Datti ya wasa wuƙa a ƙofar zaure, ya gwada ta a gashin hannunsa, ya yi mini murmushi. Na karanta labarin Bitrus da ya yi musun Ubangijinsa kafin zakara ya yi cara, na rufe.

Talata, 20 ga Satumba

Na yi tunanin sabon ciwo, har na yi tunanin jirgin Kano. Da la'asar na same shi yana jan fata. Na kwance zanen, na ajiye littafin gabansa a buɗe.

Na ce, "Malam Datti, ba ni iya yanka ragon ga. Ni Kirista na. Wanga shi na littafin."

Bai ɗago ba. Ya ƙarasa jan fatar da ke hannunsa. Can ya ce, "Ranar Juma'a, cikin naka?" Na ce lafiyarsa lau. Ya ce, "Matata da ciki wata tara ta durƙusa ta hura maka wuta." Ko ashar ya yi mini da ta fi sauƙi. Ya tattara kayan aikinsa ya shige cikin gida.

Na ɗaure kayana. Kunya kamar in nutse.

Laraba, 21 ga Satumba

Mahauci ya yanka. Sunan yaro Isma'ila. Daga ɗaki na ji liman na tambaya ina baƙon malamin, Datti ya ce, "Yana ciki." Bai ƙara ba. Bai tona ni ba.

Da azahar aka turo mini tuwo da nama a sabon kwano, har da takardar kanti manne a gindinsa. Nawa ni kaɗai. Na gane. Na ci ina hawaye.

Lahadi, 25 ga Satumba

Kwana huɗu gaisuwa kawai. Yau zan fita sujada na tarar da gafaka a bakin ƙofata, jar fata, ɗinki ƙanana kamar na rigar sarki. Na kai masa, na ce ai ya san ko wane littafi ne. Ya ce, "Na riga na yanka fatar da awonsa, ba wanda zai shiga sai shi. Ka dai daina ciwon cikin ƙarya a gidana." Ya ci gaba da aikinsa.

Littafin ya shiga daidai.

Bature ya ce an gyara ɗakin mishan, in koma gobe. Na ce unguwar nan ta fi kusa da bariki. Haka ne kuwa, ta fi kusa. Ya tambaya ko ina ci gaba da addu'ar Datti, na ce e. Ina yi. Sai dai kwanan nan da na durƙusa, Allah ya raya Isma'ila kawai ke fitowa, sauran ba ya zuwa. Wataƙila gajiya ce.

Na kwance kayana.