Maganin da ya yi wa ɓeraye aiki

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ina aiki a ɗakin bincike, muna nazarin lufus, cutar da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. Ba don komai na shiga wannan fanni ba sai don Autarmu, ita ma cutar ke damunta. Yarinyar da a da ba ta iya zama wuri ɗaya, yau ko murfin kwalba ba ta iya buɗewa. Gashinta ya zube, ga ƙoda ta fara taɓuwa.

Kwanakin baya wani sinadari da muke gwadawa ya yi wa ɓerayenmu aiki, kumburinsu ya sauka. Murna ta sa na faɗa a gida. Shi ke nan, Mama ta riƙe maganar. Kullum na dawo, jakata take fara kallo kafin fuskata. Wai ɓera ya samu, 'yar'uwata ta rasa. Na yi bayani har na gaji, ta ce aikina na fi so. Auta kuwa, na tarar da ƙwayoyinta na asibiti a ƙarƙashin filo. Ashe ta daina sha, tana jiran na Yaya.

Anti, makullin firjin da muke ajiye sinadarin yana hannuna. Jiya na tsaya a gabansa da kwalbar sinadarin a hannu, na daɗe ban mayar ba. Tsoron kaina nake ji.

Yayar Auta

'Yata, kwalbar nan ta zauna inda take. Kin fi ni sanin ɓera ba mutum ba ne, abin da ya sauke masa kumburi yana iya ƙarasa ƙodar ƙanwarki. Makullin ma ki miƙa wa abokin aikinki, ki huta da jarraba kanki.

Kada ki ga laifin Mama. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Amma kada ya zama ke kika miƙa.

Haɗarin na yau a ƙarƙashin filo yake. Ki kai Auta wurin likitanta tare da Mama, ki faɗa masa ta daina shan magani. Sannan ki zaunar da Auta ki gaya mata gaskiya: maganin naku sai bayan shekaru, watakila ma ba zai zo ba. Za ta yi kuka, Mama kuma za ta yi fushi da ke. Ki daure. In ya zo wata rana, mai rai zai tarar.

Allah ya ba Auta lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.