Jinin Bilyaminu a Teburin Shayi

Cadawa, 19 ga Nuwamba, 1992

Zuwa ga Yaya Ummuhani,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya aikin likita? Allah ya ba da lada.

Yaya, ina cikin tashin hankali. Kin san Bilyaminu mijin Husaina, ƙawarki ta lakol tun kuna 'yan makaranta, wanda ya dawo daga Abijan bara. Shi ne aka ba sakataren jam'iyyarmu a nan Cadawa, kujerar da na yi wata takwas ina wa hidima da shayina da burodina. Ranar Litinin ya zo teburina a tasha, ya ce bari ya buɗe gwangwanin madara da kanshi, sai wuƙa ta zame ta yanke mashi tafin hannu. Na kama hannun na ɗaure da tsumma. Jini ya ɓata mani yatsu har wuyan hannu. Na wanke da sabulu, na ci gaba da aikina.

Washegari Magaji direba ya ja ni gefe ya ce, "Maharazu, ka dubi Bilyaminu da kyau kuwa? Ka ga yadda riga ke yawo a jikinshi? Ga tari. 'Yan Abijan sun ce sida ce, ciwon nan na ƙanjamau."

Tun daga lokacin abinci ba ya wuce mani. Na raba kwano da matata Fati, na hana ɗana Hafizu hawa cinyata, yaron sai kuka yake. Na wanke hannun da kananzir har fata ta saɓule. Abin da ya fi ci mani rai shi ne shekara nawa ina buɗe wa mutane madara, me ya sa ranar ya ce shi zai buɗe? Ya ƙwace mani kujera, yanzu raina yake so. Wallahi ba zan tafi kabari ni kaɗai ba tare da garin nan ya san ko shi wane ne ba.

Ki gaya mani gaskiya, kwana nawa suka rage mani?

Ƙaninki,
Maharazu

Gidan Rumji, 25 ga Nuwamba, 1992

Maharazu,

Ina amsa gaisuwarka. Kowa lafiya a nan. Ka gaishe mani da Fati.

Ka karanta wannan sau biyu. Jini a kan fatar da ba ta da rauni ba ya shigar da wannan ciwo. Ka ce ka wanke da sabulu, to magana ta ƙare a nan. Ni kusan kullum jinin masu haihuwa na taɓa ni. Ba a ɗaukar shi a kwano, ko a kofi, ko a musabaha. Na nuna wa majo, shugaban asibitinmu, takardarka, shi ma haka ya ce. Ka daina zuba wa hannunka kananzir, kai kake buɗe wa kanka rauni. Ka ɗauki ɗanka.

In hankalinka ya ƙi kwanciya, bayan wata uku ka je babban asibitin Maradi a auna jininka, zan haɗa ka da wanda na sani.

Sannan Magaji direba ba likita ba ne. Rama da tari suna da dalili fiye da ashirin. Ba wanda ke yanke hannunshi don ya cuci mai shayi. Na san ka tun kana goye, in an yi maka abu ba ka mantawa. Haushin kujera ne ya sami wurin fakewa. Don girman Allah, kar sunan bawan Allah nan ya fito daga bakinka.

Allah ya sanyaya maka zuciya.

Yayarka,
Ummuhani

Cadawa, 11 ga Disamba, 1992

Yaya Ummuhani,

Gaisuwa mai yawa. Takardarki ta zo, na karanta. Ku ma'aikatan asibiti haka kuke kwantar wa mutum da hankali har ya mutu. Kin ce fata marar rauni. Mai shayi da ke wasa da wuƙa da garwashi, ta yaya zai rantse ba ƙwarzane a hannunshi?

Na riga na yi abin da zan yi. Ranar kasuwa jam'iyya ta yi taro kan ƙuri'ar tsarin mulki, mutane har daga Gazawa. Bilyaminu na kan benci yana bayani, ya tsaya tari, sai na karɓe lasifikar. Na ce, "Jama'a, an ce yanzu dimokuraɗiyya ce, kowa ya faɗi abin da ya sani. Ku tambayi sakatarenku me ya kwaso a Abijan. Ku tambaye shi me ya sa ya zuba mani jininshi."

Yaya, da kin ga yadda bencin ya watse. Ya tsaya shi kaɗai yana kallona. Bayan kwana biyu aka karɓe mashi littafin jam'iyya da hatimi, aka kawo mani har teburi.

Ranar na ci tuwo malmala biyu. Ko gobe na mutu na rama.

Ki yi mani addu'a, kar ki yi mani faɗa.

Maharazu

Cadawa, 20 ga Janairu, 1993

Zuwa ga Ummuhani,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki da iyalinki. Ni ce Husaina. Rabon da in riƙe alƙalami tun muna lakol, ki yi haƙuri da rubutun.

Na sami takardar da kika aiko mani, wadda kika yi bayanin yadda ciwon ke kama mutum da yadda ba ya kamawa, kuma kika ba ni haƙuri a madadin ƙaninki. Na gode da bayanin. Haƙurin kuma ki riƙe abinki, ba ke kika yi ba.

Bari ki ji abin da ya jawo mana. Furar da nake kaiwa tasha, ranar farko na dawo da ƙwarya cike, rana ta biyu ma haka, ta uku ban dama ba. A bakin rijiya mata na janye gugansu in na iso. Ɗiyata Latifa ta dawo daga lakol ta ce an ware mata benci. Wanzamin da ke aske maigidana shekara da shekaru ya aiko a ce ya yi tafiya, alhali muna hango shi a rumfarshi.

Kin ce in kawo shi a duba tarin. Da ma mun shirya zuwa Maradi a satin da aka yi taron. Yanzu ya ƙi. Ya ce, "Husaina, in na shiga motar Maradi, kafin in kai rabin hanya ma garin nan ya ce ga shi an tabbatar." Na yi kuka, na turo yayanshi, na turo liman. Ya juya fuska bango. Jiya ya fara tofar da jini.

Ban san me ke damun mijina ba. Amma na san wanda ya tare mashi hanyar asibiti.

Ki huta lafiya.

Husaina

Cadawa, 16 ga Maris, 1993

Yayata Ummuhani,

Barka da shan ruwa, ya ibada? Ina gaishe ki gaisuwar mai neman taimako.

Na je Maradi wurin mutumin da kika ce. Sakamako ya fito, ba komai a jinina. Na zauna a bakin asibitin na yi kuka kamar yaro. Kin faɗa mani tun farko.

Kin ji Bilyaminu ya rasu ana saura kwana uku azumi. Mutum tara suka bi gawarshi. Ni ban je ba.

Yaya, abin ya dawo kaina. Duk matar da ta shiga yi wa Husaina gaisuwa, sai ta ce mata, "Ku dai ku kula da shayin tasha. Da hannunshi ya kwashe jinin marigayi, ai shi ya faɗa da bakinshi a lasifika. Kuma da hannun yake yanka maku burodi." Sati uku ke nan, ko lokacin buɗe baki ba mai zama bencina. Direbobi sun koma teburin Baƙo mai shayi. Har Magaji in zai wuce sai ya ɗaga mani hannu daga nesa. Na liƙa takardar asibitin a jikin teburi, da Faransanci take, ba mai karantawa, wanda ya iya kuma ya ce ai takarda sayenta ake. Iyayen Fati sun zo daga Agye sun tafi da ita da Hafizu. Jam'iyya ta aiko a karɓi hatimi, wai kada in kore masu ƙuri'a a zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa.

Na je ƙofar gidan Husaina sau biyu, ta aiko a ce tana takaba. Ke take jin maganarki. Ki roƙe ta ta gaya wa mata gaskiya. In ta yarda, ranar Idi zan tsaya a gaban jama'a in ce ƙarya na yi wa mijinta, ban san komai a kan ciwonshi ba.

Ƙaninki mai nadama,
Maharazu

Cadawa, 22 ga Maris, 1993

Ummuhani,

Salamu alaikum. Na gode da ta'aziyya, da atamfar da kika aiko wa Latifa. Allah ya saka.

Kin rubuto cewa na san shayin ƙaninki ba ya cutar da kowa. Ƙwarai na sani. Ba macen da ta fi ni sani a Cadawa.

In ya so ya tsaya a Idi ya faɗi abin da zai faɗa, wannan tsakaninshi da Allah ne. Ni kam ba zan janye ko kalma ɗaya ba. Mijina ya yi kwana saba'in da ɗaya a ɗaki ba wanda ya miƙa mashi hannu. Ƙaninki yau kwananshi ashirin da shida.

In ya cika saba'in da ɗaya, ki sake rubuto mani.

A yi Sallah lafiya.

Husaina