Fankar da surukina ba ya jin kukanta

Malam, don Allah a ba ni shawara. Sababbin fankoki biyu na nan a ƙarƙashin kujerar motata cikin ledarsu, na saya amma na kasa kai su a sa mini.

Ni direba ne, ina ɗaukar fasinja a dogon zango. Surukina mai gyaran rediyo ne, kuma da kunne aka san shi: ya saurari sifika sau ɗaya, ya nuna maka inda ta yage. Da na sayi motar nan, shi ya haɗa mini amfilifaya, na'urar ƙara sauti, a but ɗin bayan motar da hannunsa, ya ƙara mata ƙananan fankoki biyu don kada ta ɗauki zafi. Har gobe idan na je gaishe shi sai ya buɗe but ya leƙa aikinsa.

To, fankokin sun fara wani siririn kuka, kamar sauro a kunne. In na rage rediyo, kukan ya fito fili, in na ƙara, fasinja su yi ƙorafi. Wata baiwar Allah har tambayata ta yi ko gyare nake kiwo a but. Na kai wa Baba, surukin nawa. Ya sunkuya, ya kara kunnensa, ya ɗago ya ce lafiyarsu ƙalau, mu yaran yanzu ne da tsirfa. Ni kuwa ina tsaye kukan na huda mini kai. Nan na fara zargin jinsa ne ya ragu. Mai ɗakina ma ta ce kwanan nan sai jikokinsa sun maimaita magana yake amsawa.

Na yi tunanin kai wa wani, amma Baba ya san ɗaurin wayarsa, kallo ɗaya zai gane. Na yi tunanin yanke wayar fankokin in huta. Gaya masa kuwa, da wane baki? Mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi. Tsorona kada wani mai kawo gyara ya yaɓa masa maganar a gaban maƙwabtan shago.

Direban dogon zango

Malam direba, fara da ajiye almakashi. Amfilifayar da ke rufe a but, idan ta rasa iska, ɗaukewa za ta riƙa yi, wata rana ta ƙone. Ka duba cewa sababbin sun yi daidai da tsofaffin a girma da ƙarfin wutar da suke ci, ka kuma lura da 'yar kibiyar da ke jikinsu, ita ke nuna inda iska ke bi.

Kai wa wani a ɓoye zai fi yi wa Baba ciwo, domin sana'arsa ka raina ke nan. Kai ma ba a ce ka yi ta tuƙi da ciwon kai saboda kara ba. Ka kai masa fankokin, ka ce tsofaffin sun sha tafiya, kana so shi ya canza da hannunsa. Ba ƙarya ka yi ba. Ka bar motar a kunne, ka roƙe shi ya ɗora yatsa a jikin tsohuwar fanka. Wadda ta ci cikinta takan yi karkarwa, kuma yatsan tsohon ma'aikaci zai ji.

Maganar kunne kuwa ba a bakin suruki take ba. Ka bar wa 'yarsa, ta same shi su biyu, ta nemi ya raka ta asibiti a duba kunnuwansu tare. Siraran sautuka ne suka saba fara ɓacewa idan shekaru sun ja, kuma akwai na'urar da ke taimakawa. Wani lokacin ma dauɗa ce kawai ta toshe, a wanke a wuce wurin. Ido da hannu da sanin aiki duk suna nan tare da shi.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, kai kuma ya kiyaye hanya. Kada ka yanke masa hukunci tukuna: kukan fanka ka tabbatar, kunnen kuwa likita bai duba ba.