Jakar da na ɗinka tana hannun sinyora, da laya a cikinta

Salama gare ku jama'armu masu taruwa ranar Juma'a a unguwar Itapajipi, nan ƙasar da aka kawo mu bauta. Wanda ya kawo takardar nan ba zai faɗi sunana ba, ni ma ban iya rubutu ba, faɗa na yi aka rubuta. In an karanta a ƙona ta. Don Allah ku ba ni shawara, tsohuwa ce ta rasa inda za ta sa kanta.

Ubana baduku ne can gida, a gefen tabarmarsa na koyi riƙe basilla kafin a kamo mu. Da wannan hannun na fanshi kaina, da shi na ci da 'ya'ya har na ga jika. To jikar nan za ta yi aure, na ce zan yi mata jaka irin wadda matan Turawa ke ratayawa a hannu in za su coci. Ina da ƙawa, jirgi ɗaya ya kawo mu, sarƙa ɗaya ma, yanzu wanki take a gidan wani attajiri can birnin sama, unguwar kan tudu. Ita ta ce uwar gidan, wadda suke kira sinyora, tana da wata daga Faransa, jar fata mai tuntu da shafin siliki, an ajiye ta sai ranar biki, za ta ɓoyo ta cikin wanki in gani.

Ta kawo. Kwana shida ina ɗinka irinta, har tawa ta fito kamar an tsaga kara. Ni kaina na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sannan na yi abin da ba a ba wa amarya jaka sai da shi, na karɓo laya wurin wani malaminmu na ɗinke ta tsakanin fata da shafi a gindin jakar. Ban gaya wa kowa ba. Kun dai san tun boren 'yan'uwanmu Musulmi da aka murƙushe a bakin ruwan Agwa di Mininu me takarda mai rubutun Larabci take jawo wa mutum a garin nan.

Abin da na tuna daga baya shi ke hana ni cin abinci. Ƙawar nan ce ta nace a goga wa tawa ɗan man ja ta yi duhu kamar tsohuwar, wai ta fi kyau. Ita ce kuma, ranar da ta zo ɗaukar ta sinyora, ta aike ni ɗebo mata ruwa alhali randa na kusa da ita. Bayan kwana biyu na matsa gindin wadda aka bar min, ban ji laya ba. Na duba ɗinki, ba nawa ba ne, ni ƙulli biyu nake yi a ƙarshen zare kamar ubana.

Na same ta a wurin wanki na faɗa mata. Ta yi dariya ta ce, Yaya idonki ne ya tsufa. Na ce idona ya tsufa amma yatsana bai manta ɗinkinsa ba. Sai ta haɗe rai ta ce shekara nawa muna tare yau ni zan kira ta ɓarauniya, in jakar ta dame ni in ba ta, akwai wani matuƙin jirgi a unguwar kasuwa ta Kumarsiyo da ke neman irinta. Yaushe ta san da matuƙin nan, kafin ko bayan? A cikin faɗan ne ma bakinta ya suɓuce, wai sinyora ta ce tana jin wani abu mai tauri a gindin jakarta, ranar Litinin za a kai wa mai gyaran takalma ya farke ya duba.

Jama'a, ba mai shiga ɗakin sinyora ya sake musanya jakunkunan sai ita. Kuma ba za ta yi ba sai na gaya mata abin da ke ciki. In kuskure ta yi, to na zargi 'yar'uwata a banza. In kuwa da gangan ta yi kuma na gaya mata, na miƙa mata igiyar wuyana, da ta wanda ya rubuta layar, wanda yanzu haka yana zaune a cikinku bai san komai ba. Yau Juma'a. In gaya mata, ko in je in gaya masa ya bar garin?