Kilim Biyu a Magazar Makiyaya

Dakoro, farkon bazara

Zuwa ga Kawu Jimrau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Inna Aisa da yara. Ya zafi, ya wahalar rijiya? Allah ya sa dabbobi na samun abin taɓawa.

Kawu, na fi so ka ji wannan magana daga wurina kafin wani ya kawo maka ita da gishiri. Kai ka kai ni gaban Alhaji Amiru, shugaban ƙungiyar makiyaya, lokacin da na gama koyon aikin sanyi a Maraɗi, ka ce mashi ga ɗiyarka. To, ni da shi mun saɓa.

Ka san magazar da muke ajiye maganin dabbobi da firigon allurar rigakafi. Kilim biyu ke sanyaya ɗakin, kuma ba don ado aka kafa biyu ba. Ɗaya na aiki, ɗaya na hutawa. Wanda ke hutawa shi nake buɗewa in wanke ragarsa, in busa bututun da ruwa ke fita, in share yashi da ƙaiƙayin da ke toshe injin waje. In ɗakin ya ɗau zafi firigo ba ya iyawa, allura ta lalace ba tare da ta canza kama ba. A yi wa saniya, mai ita ya koma daji da murna, alhali ruwan banza aka tsira mata.

Baƙi za su zo daga Yamai duba aikin ƙungiya. Alhaji ya ce in kwance kilim ɗaya in kafa a zauren taro don kada manyan mutane su jiƙe da gumi. Na ce a aro fanka. Ya ce ba shawara ya nema ba. Na ce mashi a wannan zafin kam hannuna ba zai kwance shi ba. Ya karɓe makulli, ya ce in tafi gida in huce.

Ba fushi nake ba balle in huce. Ka sa mani albarka.

Ɗiyarka, Haula

*

Ɗan Gulbi

Zuwa ga Haula,

Bayan sallama. Muna lahiya, sai godiya. Ki gaishe da mahaifiyarki Mariama.

Takardarki ta iske ni a bakin rijiya, kuma ba ta yi mani daɗi ba. Shekarar da shanu suka riƙa faɗuwa, Alhaji Amiru ne ya raba dusarsa da ni, ba don shi ba da ban fita da ko maraƙi ba. Mutumin da ya yi mani haka ne za ki tsaya ki ce wa a'a a gaban jama'a?

Da mutane suka ce ɗiya mace ba ta hawan tsani da ƙarfe a hannu, ni na toshe masu baki. Yanzu kin ba su abin faɗi. Baƙo raɓa ne, ya kwana ya wuce, a mayar da inji inda yake. Mi ya yi zafi? Bin na gaba bin Allah ne. Ki ɗauki mahaifiyarki ku je gidansa ki durƙusa ki ba shi haƙuri, kada in ji an kwana ba ki je ba.

Allah ya shirye ki.

Kawunki, Jimrau

*

Dakoro

Kawu, ina gaisuwa da girmamawa.

Na je gidan Alhaji, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba. Haƙuri dai ban bayar ba, don ban ga laifin da zan ɗora shi a kai ba.

Sun ɗauko wani daga kasuwa ya kwance kilim ɗin. Baƙi sun zo, sun ci sun sha sun tafi, raɓar ta wuce, amma ba a mayar da kilim ɗin ba. Yana nan a zaure, ƴan kwamiti sun gano daɗin hira a ƙarƙashinsa bayan azahar. Ɗayan kuwa shi kaɗai yake ja, ba hutu.

An hana ni ƙofa, amma injin waje a bayan katanga yake, a lungun da kowa ke bi. Kullum da safe nake zuwa da bokitina da buroshi in wanke shi. Masu shayi na mani dariya, suna cewa ga wadda aka kora tana barar aiki. Abin da ke damuna injin cikin ɗakin ne, wanda ba mai buɗe ragarsa.

A gaida Inna.

Haula

*

Dakoro

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ban ga amsarka ba, na san ranka a ɓace yake. Ga wani labarin kuma, ya fi na baya nauyi.

Shekaranjiya da rana tsaka Hama mai gadi ya zo gida yana haki. Ya ce ruwa na fitowa ta ƙarƙashin ƙofar magaza, kilim kuma ya yi shiru. Alhaji ya tafi suna garin Mai Yara da makulli a aljihu, an kira salularsa ba ta shiga. Ƴan kwamitin da na samu kowa ya ce ba ruwansa, a jira shugaba. Na taɓa ƙofar ƙarfen, sai ka ce murfin tukunya.

Na aro guduma wurin maƙeri. Na kira Hama da limamin unguwa da masu shayin nan, na ce su tsaya su gani don kada gobe a ce na ɗauki wani abu. Na fasa kwaɗon.

Ragar ta cushe kamar tsohon bargo, ƙanƙara ta daskare a cikin inji, bututu ya toshe. Na wanke, na jira ta narke, na tayar da shi. Firigo ya kusa sallamawa, amma allura ta tsira. Wasu kwalaben da ke kan kanta ban yarda da su ba, na ware su gefe sai likitan dabbobi ya duba.

Da Alhaji ya dawo ya kai ƙarata wurin jandarma. Babbansu ya saurari kowa, sannan ya tambaye ni ko na yi nadama. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na fasa. In gobe aka kulle allurar mutane a cikin zafi aka tafi da makulli, gudumar maƙeri na nan inda na mayar da ita."

Ya ce maganar ta ƙungiya ce, mu je mu kashe ta a taro. Alhaji ya rantse sai an sallame ni, sai fa in kai ka kawo ni da kanka na ba shi haƙuri a gaban kowa.

Ba zan roƙe ka ka ɓata da amininka ba. Amma in ka zo don wannan, Kawu, zan bi ka har zauren, in tsaya a bayanka, bakina a rufe.

Ɗiyarka, Haula

*

Ɗan Gulbi

Haula,

Ina gaishe ki. Bakinki ya yi kaifi, wannan za mu yi maganarsa ni da ke.

Shanuna da na maƙwabtana daga wannan firigo za a yi masu allura kafin ruwa ya sauka. Na faɗa masu abin da ya faru, da yawansu sun ce za su biyo ni taro.

Ina zuwa ranar kasuwa. Na sayi sabon kwaɗo, da hannuna zan miƙa wa Alhaji a madadin wanda kika fasa. Makulli biyu gare shi. Ɗaya nasa ne. Ɗayan ba zan ba shi ba.

Ki shirya tsaninki.

Kawunki, Jimrau