Kofin Shayi a Kan Bonet ɗin Gwaggo

Zuwa ga mahaifina, Malam Sule Bakanike,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga uba, da roƙon Allah ya ƙara haskaka makwancinka, albishir na kawo maka. Baba, Gwaggo ta tashi!

Akori-kurarka nake nufi, wadda ka raɗa wa wannan suna saboda mitar da take yi kafin ta tashi da safe. Tun rasuwarka take kwance a garejinmu na Rano, kaji na ƙwai a kujerarta. Bana Yaya Habu ya yanke hukunci: in ba ta kwaso masarar gonarmu ta Kahu a kakar nan ba, 'yan gwangwan za su yanka ta. Na ga idon Inna ya kawo ruwa.

Injinta ya mutu murus, sai na samo ɗan Beljiyam da ya fi shi girma na ɗora mata. Sai dai kamshaf ɗinsa, sandar nan da ke buɗe bawul ɗin inji, ya cinye, dole a sake. To, a nan ɗanka ya tafka wauta, ka yi dariyarka son ranka.

A Kano mai kaya ya nuna mini guda biyu. Ɗaya na 'yan tsere ne, yana wangale bawul ya daɗe bai bari sun rufe ba. Ɗayan kuwa salihi, na jan kaya. Ka san ni da son a sani. Na ɗauki na tseren, ina hango kaina ina wuce ƙananan motoci a titin Kibiya. Don gaggawa ma a kan tsofaffin sifirin masu mayar da bawul da tsofaffin tafet masu tura su na ɗaura shi.

Ƙarar kam ta yi daɗi, har jama'a suka taru. Sai na yi gwajinka: kofin shayi cike taf a kan bonet, mota a tsaye, inji yana silo. Ka tuna dokarka, in bai zuba ba, wanda ya yi aikin shi ke shanyewa. Duk zamana a hannunka ban taɓa shan shayin nan ba. Ranar ma ban sha ba, don kafin in gyara tsayuwa bonet ta shanye rabi.

Da na yi mata lodi sai ta ƙi motsawa, har kuloci ya fara ƙauri. In na take totur kuma bawul su hau kaɗawa, sifirin sun kasa mayar da su. Kunya kamar in nutse.

A nan maganarka ta faɗo mini: "Hanya ake tambaya kafin a zaɓa wa inji kaya. Jaki ba ya bukatar ƙafar doki." Hanyar gonarmu kuwa yashi ce da tudu, babu inda za a yi gudu.

Na koma Kano na karɓo salihin, da sababbin sifirin da tafet, tunda ka ce sabon kamshaf ba ya zama da tsohon tafet. Da ma'auninka mai ganye-ganye na saita bawul, ɗaya bayan ɗaya, ban yi sauri ba.

Jiya muka je Kahu muka kwaso masarar. Inna ce a gidan gaba, Yaya Habu a kan buhuna. Gwaggo ta haye tudun nan da ke bayan rafi a giya ta biyu, ko tari ba ta yi ba. Yayan da ya so kiran 'yan gwangwan shi ya fi kowa kabbara.

Da muka iso gareji Inna ta hana ni kashe inji. Da kanta ta sa aka kawo shayi, ta ɗora a kan bonet. Muka zuba ido. Baba, ko ɗigo bai zuba ba. Ta ɗauka ta miƙo mini.

Na shanye tas. Ya huce, sukari ya yi yawa, amma ban taɓa shan mai daɗinsa ba. Na so a ce kana tsaye a wajen, Babana. Na yi kewarka ƙwarai.

Allah ya gafarta maka, ya saka maka da Aljanna Firdausi, ya sa sana'ar da ka bar mana ta zame maka sadaka mai gudana. Amin.

Ɗanka da ya sha shayi a ƙarshe,
Nura