Rumfar Barkono a Jarrabawar Italiyanci

Yaya Hambali, salamu alaikum. Ya Inna da yara, ya damina a Kutama?

Makarantar Italiyancin nan akwai albarka, wata uku muna kan darasin "yanzu", wato yadda ake faɗin abin da mutum yake cikin yi. Malama ta ce mu rubuta abin da muke yi kullum. Na rubuta cewa ina buɗe rumfata a kasuwar Gwarzo, ina auna barkono, ina shan kunun Sa'a. Ta soke, wai wannan ya wuce, in rubuta tsinkar tumatir da nake yi a nan Italiya. Ban yi musu ba, sai na ci jarrabawa za a ba ni takardar zama. Lafiyata ƙalau, bayana ne kawai ke ciwo.

Na ji Haladu yana zawarcin rumfar. Ka gaya masa ina dawowa, ko har ka miƙa masa makullin?

Ƙaninka, Gali